Akuyar Malam Tanko Ba Ta Cin Haram

Tun ranar Juma'a yaron Mai Unguwa ya zaga da shela: shuka ta fito, kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga bakin titin Shika har gangaren fadama an kafa turke a kowane gida. Saura gida ɗaya.

LADI: Malam, kowa fa ya ɗaure awakinsa.

MALAM TANKO: Allah ya ba su lada.

LADI: Gimbiya nake nufi.

MALAM TANKO: Shelar awakin gari aka yi wa. Gimbiya jar akuya ce, asalin Sakkwato. Kai Sagir, aje wayar nan ka gaya wa uwarka ko wace ce Gimbiya.

SAGIR: Gaskiya ne, Inna. A Nijar jar Maraɗi suke ce wa irinta. Fatarsu ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa su saya a can su ce fatar Maroko ce. Ko a NAPRI, cibiyar binciken dabbobi ta nan Shika, ana bincike a kansu.

MALAM TANKO: Kin ji ko? Kakanninta sun je Maroko. Ke kuwa iyakarki Kaduna, ita ma ciwon haƙori ya kai ki.

SAGIR: Fatar ce ta je, Baba. Bayan an yanka su.

MALAM TANKO: Zuwa dai zuwa ne.

LADI: To 'yar Marokon ta cinye min ramar bayan ɗaki, ta haɗa da kuɓewar da ko ganye huɗu ba ta yi ba.

MALAM TANKO: Wannan na gida ne, halal ɗinta. Ni ban ce ba ta cin abinci ba. Cewa na yi ba ta cin na mutane.

LADI: Ni ba mutum ba ce?

MALAM TANKO: Ke iyali ce.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san inda gizo ke saƙar. A farkon damina harawa ta ƙare, dusa ta yi tsada, rumbu kansa sai an zura hannu har kafaɗa. Akuyar da aka ɗaure kuwa sai an yanko mata ciyawa safe da yamma, kuma bayan Malam Tanko ba ya son sunkuyo sai in tuwo aka aje a ƙasa.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure, irin sallamar nan da ba ta jiran amsa. Malam Ɗanjuma ne, maƙwabcin gona, riƙe da kunnen Gimbiya. Ita kuma tana ta tauna abinta hankali kwance, ɗanyen ganyen masara na leƙowa ta gefen baki.

MALAM TANKO: A'a, Malam Ɗanjuma! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya ruwa?

ƊANJUMA: Ruwa ya yi gyara, akuyarka ta ɓata.

MALAM TANKO: Sakar mata kunne tukuna, ba ta saba ba.

ƊANJUMA: Kunya bakwai, Malam Tanko! Kunya bakwai ta bi ɗaya bayan ɗaya, ko tsallake ba ta yi ba. Kuma ba irin rumbu ba ne, ingantaccen irin masara ne, SAMMAZ, da ƙafata na je Samaru na sayo. Shekaranjiya na sa mata kamfa, sai da na sayar da tunkiya kafin na haɗa kuɗin buhu.

MALAM TANKO: Ka gan ta da idonka?

ƊANJUMA: Ga ganye nan a bakinta!

MALAM TANKO: Ganye a baki ai ba shaida ba ne. Wa ya sani ko daga bakin akuyar wani ta ƙwato, tana hanyar kawo maka ƙara ka tare ta? Wannan ai tukuici ya kamata ka ba ta.

LADI (daga madafi): Ƙarar ma cinye ta take yi, ga shi nan saura kaɗan.

MALAM TANKO: Ke da wa ake magana? Sagir, masarar nan ta Samaru, tun yaushe suke wannan binciken nasu?

SAGIR: Tun 1922 aka kafa tashar binciken noman, Baba. Ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello ma da shekara 40. Sun fitar da iri mai jure fari, da mai jure wuta-wuta, da mai nuna da wuri.

MALAM TANKO: Mai jure akuya fa?

SAGIR: Babu wannan.

MALAM TANKO: To ka ji! Shekara ɗari da ɗoriya, farfesoshi cike da ofis, an kasa fitar da masarar da akuya za ta shinshina ta wuce. Malam Ɗanjuma, ƙararka tana Samaru. In kana so Sagir ya raka ka, ya san ƙofa.

ƊANJUMA: La'ilaha illallahu.

MALAM TANKO: Kuma ni na ga shukar nan taka. Ƙwaya huɗu-huɗu ka zuba a rami, ta yi cunkoso. Malaman gona ma cewa suke a rage. Ta rage maka, ba ta karɓi ko sisi ba. Na kuma tabbata ba ta fito gonar haka nan ba, ta bar maka taki.

ƊANJUMA: Ta bari. Na ƙirga, ƙwaya tara.

MALAM TANKO: Na jar Sakkwato fa, ba na kowace akuya ba.

Nan Malam Ɗanjuma ya saki kunnen akuya ya kama hanyar gidan Mai Unguwa. Bai yi nisa ba, don Mai Unguwa yana gindin darbejiyar ƙofar masallaci, inda yake tun bayan asuba yana jiran rigima ta zo ta same shi. Tare suka dawo. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo goro, sai da ya ɓare ya kai baki sannan kunnensa ya buɗe.

MAI UNGUWA: Tanko, ba ka ji shela ba?

MALAM TANKO: Ranka ya daɗe, na ji. Na kuma isar wa Gimbiya.

MAI UNGUWA: Ta ce me?

MALAM TANKO: Ta yi shiru, ranka ya daɗe. Shiru kuwa ai amsa ce.

MAI UNGUWA: To tawa amsar ga ta. Yau za a ɗaure ta. Kuma ka biya Ɗanjuma irinsa da takinsa, tun ƙasa na da laima ya sake shuka.

MALAM TANKO: In don taki ne ai da sauƙi. Ina da buhu guda a hannun gwamnati.

Ya cire hula, ya zaro wata takarda da aka ninke ta har ta yi laushi, gumi ya rina ta. Ya warware ta a hankali, ya ɗaga sama kowa ya ga hatimi.

ƊANJUMA: Wannan ai ta bara ce.

MALAM TANKO: Takin baran ne bai iso ba. An ce yana hanya.

ƊANJUMA: Ina da irinta uku a ƙarƙashin katifa. Wanda ya taɓa isowa ma sai da masara ta yi goyo ya zo, aka ce mutum shida su raba buhu. Da kwanon awo muka raba. Da na shiga Sabon Gari sai ga 'yan'uwansa jibge a shago, an juye su a sabon buhu, kuɗi ninki.

MAI UNGUWA: Kai, a bar wannan maganar, bango na da kunne. Ni ma tawa tana cikin Alƙur'ani.

MALAM TANKO: Ni dai tawa mai kyau ce. Wanda ya ba ni da hannunsa ya dafa kafaɗata, har hoto aka ɗauke mu. Ya ce, Baba Tanko, in dai na hau…

Bai ƙarasa ba. Gimbiya, wadda tun ɗazu ba wanda ya kula da ita, ta miƙo wuya ta bayan kafaɗarsa ta zare takardar daga hannunsa. Hatimin ne ya shige ƙarshe.

LADI: Innalillahi! Malam, ta cinye buhun!

Aka yi tsit. Kowa ya zuba wa Malam Tanko ido, ana jiran yau dai a ji ya zagi akuya. Ya dubi hannunsa, ya dubi Gimbiya, ya gyara zama.

MALAM TANKO: Kun gani da idonku ko? Takardar wa ta ci? Tawa. Ga takardun makarantar Sagir can a kan turmi, ba ta taɓa ba. Ga carbin Mai Unguwa. Ta zaɓi halal ɗinta.

MAI UNGUWA: Ko ba komai, a duk unguwar nan ita ce ta fara cin moriyar takin gwamnati. Ladi, kawo igiya.

MALAM TANKO: Ba wannan guntuwar ba, ranka ya daɗe. Tunda hukuma ta ce a ɗaure, za a ɗaure, amma ɗaurin mutunci. Sagir, kwanto igiyar guga.

LADI: Da me zan ja ruwa?

MALAM TANKO: Damina ce. Ki tara a indararo.

Da kansa ya kafa turken, abin da ba a taɓa gani ba, can ƙarshen danga ta gabas. Ya ƙulla igiyar guga, ya ga ba ta yi masa ba, ya ƙara da ta shanyar Ladi. Malam Ɗanjuma bai ce komai ba. Ya tsaya a gindin turke, ya fara taku zuwa kunyar farko ta gonarsa yana ƙirgawa da ƙarfi, sannan ya dawo ya bi igiyar da taku.

ƊANJUMA: Ranka ya daɗe, daga turke zuwa masarata taku ashirin ne. Igiyar nan taku talatin ce.

MAI UNGUWA: Tanko?

MALAM TANKO: Goman nan ita ta san ba nata ba ne.