Sakin talala: a tara su a ɗaki ɗaya ko a bi su ɗai-ɗai?

Duk sanda aka ce a riƙa tara fursunonin da aka yi wa sakin talala, wato aka sake su bisa sharaɗi kafin wa'adinsu ya cika, rukuni-rukuni don sa musu ido, hujjar da ake fara kawowa ita ce ƙarancin ma'aikata. Aiki ya yi wa jami'i yawa, to ya zaunar da mutum goma a sa'a guda, a wuce wurin. Wannan tsimin kuɗi ne, kuma ni ban yarda ya isa hujja ba.

Ku duba halin da mutum ke fitowa a ciki. Ba aiki, ga bashi, wataƙila iyali sun watse, ga jarabar ƙwaya tana jiransa a ƙofar gidan yari. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan fursunonin da aka saki a jihar Washington ta Amurka ya nuna cewa a makonni biyu na farko, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 12, kuma ƙwaya ce kan gaba wajen kashe su. To wa zai buɗe baki gaban mutum tara ya ce jiya ya koma sha? "Lafiya lau, yallaɓai," zai ce, ya sa hannu a takarda, ya fice. Sai an keɓe da shi, jami'i ya lura hannunsa na rawa, ya tambaye shi inda ya kwana, sannan maganar ke fitowa.

Ga kuma zama da maɗaukin kanwa. Tun 1990 masana a Kanada, Don Andrews da James Bonta, suka nuna cewa tsananin kulawa ya kamata ya bi girman haɗarin mutum ya sake aikata laifi. Ka haɗa wanda ya yi kuskure sau ɗaya da gogagge a harkar, ka ba shi malami kyauta. Abin dariya ma, cikin sharuɗɗan sakin sau da yawa akan hana mutum hulɗa da masu tarihin laifi, sai ga hukuma da kanta tana haɗa su duk mako.

Taron yana da ranarsa, ban musa ba. Wajen koyon danne fushi ko shirin neman aiki, tsohon fursuna ya fi jami'i saurin gano ƙaryar ɗan'uwansa, kuma in ya faɗa masa gaskiya ta fi shiga. Amma a tace waɗanda za a haɗa, kuma kada a tura kowa rukuni a watanninsa na farko sai jami'i ɗaya ya san shi ciki da waje.