Masu kukan "Kano ta da" a Facebook, ina kuke ake yanka badala?

Wani sabon yayi ya shigo shafukan sada zumunta wanda ni dai ya ishe ni. Mutum zai zauna da wayarsa ya sa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira ta zana masa gari, da wata doguwar katanga ta dutse mai hasumiyoyi irin na ƙasashen Larabawa, ga bishiyoyin dabino reras, ga wasu mutane a kan raƙuma da naɗin da babu Bakanon da ya taɓa yin irinsa, sai ya rubuta a ƙasa wai "Kano a 1920, Allah sarki jiya". Kafin la'asar an yaɗa shi ko'ina, ana ta zuba sharhi, wannan ya ce Allah ya jiƙan mazan jiya, wancan ya ce wallahi har ya yi ƙwalla, wata ta ce da ma a dawo da wannan zamani. Babu mai tsayawa ya ce jama'a yaushe ganuwar Kano, wato badala, ta taɓa zama ta dutse? Da ƙasa aka gina ta, jar ƙasa da tubali, kuma ragowarta tana nan, ba sai na'ura ta zana mana ba.

Abin da ya fi ba ni haushi kenan. Da yawan masu wannan ƙwalla kullum sai sun bi ta titin BUK, daga Ɗan Agundi zuwa Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya har Ƙofar Famfo, a adaidaita ko a motarsu, ganuwar ta gaske tana gefensu tana zaizayewa, an mai da gindinta juji, wani wajen makewayi, wani wajen an kafe kwantena ana sayar da man inji, wani wajen kuma ka ga ramin da masu ɗiban ƙasa suka ƙwaƙule har ya zama kogo, amma ko waiwaye ba sa yi. Wasunsu ma, kada mu yaudari juna, su ne suka sayi fuloti a jikinta, ko suka kama hayar shago a filazar da aka ɗora a kanta. Halinmu ɗaya da wanda ya sayar da gidan gado ya cinye kuɗin, sannan ya rataye hoton gidan a ɗakin haya yana nuna wa baƙi, kuma hoton ma ba na gidan ba ne.

Bari in tuna wa masu son hoto abin da suke wucewa ta gefensa. Sarki Gijimasu ne ya fara wannan gini, wanda tarihin Kano ya ce ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, ba a kuma kammala zagayen farko ba sai a ƙarni na 14. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, mutumin da ya kafa kasuwar Kurmi ya kuma gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, shi ya faɗaɗa ta saboda gari ya cika, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17. Da Turawa suka zo a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato, sai da suka sa igwa kafin su samu shiga, kuma Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, da kansa ya rubuta a rahotonsa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Wanda ya zo cin garin da yaƙi ya tsaya yana mamakinta, jikokin masu garin kuma sun kira dillali.

Yanzu idan ka yi wannan magana akwai amsar da aka haddace: ai gari girma yake, ba za a tsayar da ci gaba saboda tulin ƙasa ba. Wannan ita ce maganar da na fi rainawa, domin masu yin ta suna yi ne kamar su suka fara ganin Kano ta girma. Kano ta girma a hannun Rumfa, bai rushe ganuwa ba, ƙara mata ya yi. Kano ta girma da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yi Sabon Gari, aka yi Fagge ta cika, aka tara dalar gyaɗa, duk a waje ko a gefe. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero da aka buƙaci sababbin hanyoyi sai aka huda ƙofa, shi ya sa muke da Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo, an yi wa mota da bututun ruwa hanya amma ba a ce tunda an huda nan to sauran ma a yanka a raba ba. Huda ƙofa don jama'a su wuce daban, yanka fuloti don mutum ɗaya ya gina shaguna ashirin ya karɓi haya daban. Wane ci gaba ne a jerin shagunan sayar da tayal da labule? Kano ta rasa fili ne? Ka fita ta Zariya Rod ko ta hanyar Gwarzo ko Haɗeja ka ga fili iya ganinka. Abin da ake so shi ne fili a tsakiyar gari wanda ba shi da magada da za su kai ƙara kotu, ganuwa kuwa marainiya ce, shi kenan.

Sai kuma masu cewa ai an adana tarihi tunda an gyara ƙofofi. Waɗannan su ne 'yan uwan masu hoton bogi, sai dai su da kwangila suke nasu. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, masana tarihi suka yi ta ihu, aka gina wata ta bulo da siminti aka shafa mata fenti ruwan ƙasa aka yi mata zankwaye, aka ce ga ƙofarku nan. Yawancin ƙofofin nan haka suke yanzu, Nassarawa, Ƙofar Mata, Kabuga, dogaye masu faɗi, tirela ma ta shige, amma babu hannun magini ko ɗaya na gargajiya a jikinsu, kuma da dama a tsaye suke su kaɗai babu ganuwa dama babu hagu. Ƙofar da babu katanga a gefenta ƙofar ina ce? Tsohuwar ƙofa matsattsiya ce, mai kauri, mai duhu da sanyi daga ciki, da ƙyaure, da Sarkin Ƙofa da ke rufe ta idan dare ya yi, kuma matsin nan da gangan aka yi shi don mahaya su kasa afkowa gaba ɗaya. Yaron da aka haifa bayan 2010 idan ka nuna masa ta yanzu ka ce shekararta ɗari biyar ka yi masa ƙarya, kuma ƙaryar da gwamnati ta biya kuɗi aka gina.

Amma abin da na fi so a ji, wanda masu begen jiya ba sa taɓa sa hotonsa saboda ba shi da kyan gani, shi ne kududdufi. Ganuwa da gidajen cikin birni ba daga sama ƙasarsu ta faɗo ba, haƙa aka yi, ramin da aka bari shi ya zama kududdufi, kuma kowace unguwa da nata. Baturen nan ɗan yawon duniya Barth da ya zo Kano a 1851 ya gan su har ya yi ƙorafin ƙazantarsu, kuma ba zan ce ƙarya ya yi ba, kududdufi akwai sauro akwai wari, duk wanda ya tashi a cikin birni ya san wannan, ya kuma san yadda iyaye ke dukan yara kan zuwa wanka a ciki. To amma aikinsa fa? Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, indararo ya zubo a lungu, lungu ya miƙa wa kwata, kwata ta kai kududdufi, wanda ya cika ya tumbatsa ya miƙa wa rafin Jakara. Tsari ne cikakke wanda babu injiniyan da ya zana shi a takarda amma ya yi aiki ɗaruruwan shekaru. Yanzu fa? A fara zuba shara, shara ta taru a kawo tifa goma ta ƙasa a danne, wata shida sai ka ga an kafa harsashi. Ruwan da ke zuwa nan bai san an sayar da wajen ba, zai zo, idan bai samu ramin ba ya shiga ɗakin tsohuwar da ke maƙwabtaka, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, cikin dare gini ya zauna a kan mutane. Duk damina sai mun ji wannan labari, sai a kai buhun shinkafa da tabarma a ɗauki hoto a ce iftila'i ne. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022 ta lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa suka nuna da yatsa. Hali ɗaya ne, ko a cikin ganuwa ko a wajenta.

Na san masu siyasa tuni sun fara lissafin wa nake zagi. Ku huta, duka nake nufi. An yi ta ƙorafin yanka filaye a jikin badala da filin Idi a zamanin Ganduje, gaskiya ne. Da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zo a 2023 ta sa katafila ta rushe shagunan filin Idi da gine-ginen Daula Otal da shataletalen gidan gwamnati, aka yi ta tafi wani ɓangare, wani ɓangaren na kuka, har kotu ta ce a biya 'yan kasuwa diyya. A lokacin ne aka ce wai da ɓaraguzan gine-ginen da aka rushe za a gyara ganuwa. Ni a nan na san cewa ko masu cewa suna kishinta ba su san mece ce ita ba. Ɓaraguzan bulo da guntayen rodi a jikin ginin ƙasa? Wane Sarkin Gini aka tambaya? Ginin ƙasa numfashi yake, yana shan ruwa ya bushe, idan ka cusa masa siminti sai ya riƙe danshi ya ruɓe daga ciki. Abin da yake so shi ne yaɓe duk shekara bayan damina, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a cike inda ya tsage, kuma haka aka riƙe ta tun farko, da aikin gayya, kowane ɓangare da mutanen da ke da alhakinsa. Ranar da aka daina wannan yaɓen ranar ta fara mutuwa, dillalai gawa suka tarar.

Masu cewa ganuwa maɓoyar 'yan daba da 'yan shaye-shaye ce gara a gine ta, to a sa fitila da 'yan sintiri mana, ƙarƙashin gadar sama ma ana shaye-shaye ban ji an ce a rushe ba. Masu cewa talaka na fama da tsadar masara ana zancen ƙasa, su je su tambayi talakan da ruwa ya ci ɗakinsa ko zancen ƙasa ne.

Abin kunyar ma ba sai an je Turai ba. Agadas tana nan a Nijar, garin ƙasa, da hasumiyar masallacinta ta ƙasa mai tsawon mita 27, hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ke fitowa kwansu da kwarkwata a yaɓe babban masallaci, abin ya zama biki. Mu kuwa tun 2007 sunan ganuwar Kano yake cikin jerin masu jiran layi a UNESCO, kuma idan masu dubawa suka zo yau ban san me za a nuna musu ba, filaza? Najeriya wurare biyu kacal ta samu shiga, Sukur a Adamawa da dajin Osun na Oshogbo. Kuma ba Kano kaɗai ba ce, je ka Zariya ka nemi ganuwa tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana, je ka Katsina ka duba abin da ya rage a gefen Ƙofar Ƙaura. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen 1830 da wani abu, wanda masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo, sai da wani ɓangarensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka sannan kowa ya tuna yana buƙatar kulawa.

Ba wani dogon tsari nake da shi ba, kuma ba aikina ba ne. Tun 1959 doka ta ce ganuwar nan kayan tarihi ce ta ƙasa, akwai hukumar gidajen tarihi ta tarayya mai ofis a Gidan Makama, akwai KNUPDA mai ba da izinin gini, akwai masarauta, ko masarautu, tunda yanzu wannan ma sai an tambaya. A auna abin da ya rage a kafa masa alama, a daina sa hannu a takardar fuloti a jikinsa, a ƙirga kududdufan da ba a cike ba a hana taɓa su, a nemo tsofaffin magina tun suna raye a ba su matasa su koya. Kuɗin da aka kashe a fentin ƙofa ɗaya ya isa a yaɓe zango mai tsawo.

Su kuma masu shafukan "tuna baya", tunda kuna da mabiya dubbai kuma kuna da data, ku ajiye manhajar nan ku ɗauki wayar ku je bayan Gadon Ƙaya ku ɗauko mana hoton wanda ke loda ƙasar badala a tifa, da lambar motar.