Awa 72 ne wai shirin Turawa, mu 'yan Jos fa?

A watan Maris na 2025 Tarayyar Turai ta fito ta ba mutanenta shawara wai kowane gida ya tanadi abin da zai riƙe shi na awa 72, ruwan sha, abincin gwangwani, tocila, magani, 'yan kuɗi a hannu, saboda ko da yaƙi ko ambaliya ko a wayi gari babu wuta. Mu da muke zaune a Ingila ma tun 2024 gwamnati take faɗin kusan abu ɗaya. Kwana uku fa kenan. Kwana uku ai a Unguwar Rogo ta Jos ba a ma fara tsine wa NEPA ba.

Amma sai ga shi ranar 28 ga Afrilun 2025 wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal kusan gaba ɗaya, jiragen ƙasa suka tsaya cak, mutane suka maƙale a lif, na'urar kati ta daina aiki, mai miliyoyi a banki ya kasa sayen burodi, ana ta rububin rediyo mai batir. Kafin wayewar gari an dawo da ita a yawancin wurare, amma duniya kaf sai da ta ji labari. Mu kuwa a Oktoban 2024 yawancin Arewa sai da ta haura mako a cikin duhu, an sha wuya, masu firij da masu injin niƙa da 'yan walda sun yi asara, amma ba a daina ɗora tukunya ba.

Ba wai mun fi su wayo ba ne, ginin rayuwar ne ya bambanta. Gidan da nake haya a Manchesta girki da ɗumama ɗaki da ruwan zafi duk a jikin waya da bututu suke, ba rijiya, ba murhu, ba wurin da za ka hura gawayi ba ka tayar da ƙararrawar hayaƙi ba. Manyan kantuna kuma ba sa jibge kaya, kullum motoci ke kawowa, shi ya sa a Maris ɗin 2020 lokacin korona cikin 'yan kwanaki taliya da fulawa da takardar bayi suka ɓace. A Fabrairun 2023 da sanyi ya ɓata amfanin gona a Sifaniya da Maroko, wasu kantunan sai da suka ƙayyade tumatir da kokwamba, uku kacal za ka ɗauka. Ni da na taso ina ganin kwandunan tumatir jere a kasuwar Farin Gada har wani yana ruɓewa don rashin mai saye, wallahi abin ya tsaya mini a rai.

To abin da ke damuna shi ne, abin da Bature yake biyan kuɗi yanzu yana koyo, mu kuma shi muke gudu muna kiran sa ƙauyanci. A nan mutum sai ya yi shekaru a layi yana jiran ƙaramar hukuma ta ba shi hayar ɗan filin da zai shuka dankali da kabeji. Mu kuma da zarar Allah ya buɗa wa mutum, abu na farko ya shafe tsakar gida da intalok daga ƙofa har katanga, ya sare mangwaro wai ganye na ɓata masa mota, ya cike rijiya ya haƙa bohol ɗin da ba ya ba da ko ɗigo sai da wuta ko janareta. A Abuja abin ya fi muni, ka shiga irin gidajen nan na rukuni ko tushen zogale ɗaya ba za ka gani ba, komai sai an fita an sayo, gas ya ƙare an shiga uku.

Gidajen iyayenmu a Gangare ko Rikkos ba haka suke ba. Akwai rijiya da guga, akwai buhun masara da na wake da aka saya tun kaka, akwai kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗa da daddawa, kaji na yawo, wata ƙila da akuya ɗaya ko biyu a bayan gida. Ba wanda ya zauna ya ce musu wannan shirin ko-ta-kwana ne, haka kawai ake rayuwa. Kuma an ga amfaninsa a farkon 2023 da aka canza kuɗi, naira ta ɓace, tiransifa ta ƙi tafiya, masu POS suna sayar maka da kuɗinka. Wanda yake da hatsi a ɗaki matsalarsa kuɗin cefane ne kawai, mai awon mudu kullum kuwa ko da albashinsa na kwance a banki sai da ya ji a jikinsa. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi.

Na san wani zai ce kai kana can kana cin fam kana ba mu labarin tanadi, wanda bai samu na yau ba ina zai ajiye na gobe. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ga yadda jama'a suka fasa rumbun kayan tallafin korona a Bukuru a Oktoban 2020 ya san yunwar ba ta wasa ba ce. Ba da talakan da ke neman na tuwon dare nake ba. Da masu ɗan hali nake, ma'aikata da 'yan kasuwa, da mu na waje masu turo kuɗi gida ana ta zuba su a tayil da silin mai ado. Kuɗin tayil ɗin falo ɗaya ai ya sayi buhuna nawa a Nuwamba ko Disamba lokacin da sabon hatsi ya shigo kasuwa. Maganar ƙwari kuma an daɗe da samun mafita, buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki in ka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, wake zai yi watanni ba ka zuba masa guba ba, jarka mai murfi mai kyau ma tana yi. Kuma don Allah a bambance, ajiye abincin iyalinka daban, sayen tirela ka kulle kana jiran a shiga matsi ka tsawwala daban, wannan na biyun ba shiri ba ne, zalunci ne.

Sai ruwa, wanda shi ne ya fi ba ni haushi. Jos na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Ka yi lissafi, rufin kwano mai murabba'in mita 100 ruwan da ke sauka a kansa ya kai lita 140,000, duk yana bin kwata yana tafiya, sannan Fabrairu na yi ka ga gidan nan dai yana jiran 'yan garuwa. Alhali indararo da tanki biyu kawai ake buƙata. Masu lambu sun fi mu gane wannan, su da suka mayar da kududdufan da haƙar kuza ta bari wurin noman rani, karas da latas da kabeji da koren wake har Legas ake lodi.

Amma akwai abin da Jos ta koya mana wanda ba ya cikin jerin kayan Tarayyar Turai. Wanda ya ga rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, ya san dokar hana fita ta awa 24, ya san ranar da kuɗi ba sa amfani don ba inda za ka je ka kashe su. Abinci ta kan katanga yake zagayawa, wannan gida na da garin masara, wancan na da manja, mai rijiya ya buɗe ƙofar baya. A nan kuwa maƙwabcina mutumin kirki ne amma gaisuwar bakin ƙofa ce kawai tsakaninmu, ban san ko zan iya ƙwanƙwasa masa in ce a sam mini gishiri ba. Sai dai mu ma kada mu yi alfahari da yawa, don rikicin ya raba garin gida biyu, kuma cikinmu bai rabu ba. Dankalin turawa daga Bokkos da Mangu yake zuwa, acca daga ƙauyukan Filato, nono daga rugage, nama daga hannun mahauta, in hanya ta toshe kowa sai ya ji. Wasu kuma da buhunan nasu aka ƙone gidan. Saboda haka ni a wurina matar da ke kawo wa mahaifiyata dankali shekara da shekaru, wadda ba addininmu ɗaya ba amma in gari ya ɗau zafi sai ta bugo waya ta ce Mama kuna lafiya, tana cikin shirin, ba ta gaza tankin ruwa ba.

Yanzu haka rigimar da muke yi da yayana kenan a kan ɗan ginin da muka haɗa kuɗi muke yi. Ni na ce a bar bayan gidan da ƙasarsa, a haƙa rijiya ko da an yi bohol, a sa ƙaramar sola da za ta riƙe ƙwan fitila da cajin waya maimakon ƙaton janareta mai shan fetur. Shi kuma ya ce ni ina Turai ban san taɓon da za su kwasa da damina ba, kuma kaji za su ɓata masa baranda. Maganar taɓon kam yana da hujja, mun dai tsaya a kan za a yi siririyar hanya ta siminti daga ƙofar kicin zuwa bakin rijiya, batun kaji kuma ya ce sai ya yi shawara da uwargida.