Macijin Mannarasala da Macijin Kusugu

Wata abokiyar aikina 'yar jihar Kerala ce ta kai ni kallon bikin Ayilyam a wurin bautar macizai na Mannarasala, kusa da garin Haripad a kudancin Indiya. Muna hanyar komawa ta tambaye ni yadda muke yi da maciji a ƙasarmu, na ba ta labarin Bayajidda a taƙaice, sai ta ce, "Ashe ku da kisa tarihinku ya fara." Maganar ta yi mini zafi ƙwarai.

Ba zan rage wa wurin kyansa ba. Yana tsakiyar kurmi ne mai duhu da sanyi wanda ba a saran itacensa, kuma duk inda mutum ya waiga gumakan macizai ne na dutse, waɗanda ake cewa sun haura 30,000, jere a bakin hanya da gindin itatuwa, an barbaɗe su da garin kurkur har sun koma rawaya. Mace ce ke jagorantar ibadar, babbar matan gidan da ya gaji wurin, suna kiranta Amma. A ranar Ayilyam ta watan Thulam, tsakanin Oktoba da Nuwamba, ita ke ɗaukar gunkin Nagaraja, sarkin macizai a wurinsu, ta taka da shi zuwa gidan zuri'arsu ana kaɗe-kaɗe, inda ake miƙa garin shinkafa da madara da kurkur. A gefe kuma mawaƙan Pulluva suna zaune suna goga wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kamar kukuma, suna yi wa macizai kirari. Ma'auratan da ba su samu haihuwa ba sukan kifa tasar tagulla da ake kira uruli, in an samu rabo su dawo da jaririn a buɗe ta. Ni daga waje na tsaya, kallo ya kai ni, domin imanina bai yarda da rusuna wa dutse ba.

Amma a ce mu marasa tausayi ne don mun kashe maciji, wannan ban yarda ba. Macijin Kusugu ya hana mutanen Daura ruwa sai ranar Juma'a kawai, kuma wanda ya sare shi ƙishirwar gari guda ya kashe. Ita kanta Indiya, wani bincike da aka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa saran maciji yana hallaka mutum kusan 58,000 a cikinta duk shekara, mafi yawansu mutanen karkara. Madarar da ake zubawa gaban gunki ba ta tsare ƙafar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Manominmu da ke shiga gona da asuba lokacin girbi, da makiyayin da ke ratsa ciyawa da takalmin roba, ba su da sararin yi wa kububuwa waƙa. Idan ta sari mutum, sai a ɗora shi a babur, a yi ta keta hanya zuwa asibitin da ake sa ran samun allura, kamar na Kaltungo a jihar Gombe, inda majinyata ke zuwa daga jihohi masu nisa. Wasu kafin a isa jini ya riga ya ɓalle, wasu kuma a isa a tarar maganin ya ƙare ko kuɗinsa ya fi ƙarfin gidan, sai a koma wurin mai tsatsuba da sassaƙe. Indiya dai tana haɗa nata maganin dafin a cikin gida, mu kuwa har yanzu jiran na ƙetare muke yi.