Ba kan kisan mata uku aka yanke wa George Smith hukunci ba

Mutane da yawa suna cewa kotun Old Bailey da ke Landan ta yanke wa George Joseph Smith hukuncin kisa a 1915 saboda kashe matansa uku. Ba haka abin yake ba. Tuhuma ɗaya aka yi masa, ta kisan Bessie Mundy, wadda aka tsinci gawarta cikin bahon wanka a garin Herne Bay da ke Ingila a 1912.

Sauran biyun, Alice Burnham a Blackpool a 1913 da Margaret Lofty a Landan a 1914, shaida kawai aka kawo da mutuwarsu. Alƙali ya yarda masu taya shi yanke hukunci su ji labarinsu don su auna ko tsautsayi ne zai sa amarya uku su nutse a baho ta hanya iri ɗaya, kowacce mijin na cin moriyar dukiyarta.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne mahaifin Alice. Shi ya ga labarin mutuwar Margaret a jarida, gabansa ya faɗi, har maganar ta kai ga 'yan sanda. Kuma a doka babu ɗaya cikin matan uku da ke matar Smith, domin matarsa ta aure, Caroline Thornhill, tana raye. An rataye Smith a gidan yarin Maidstone ranar 13 ga Agusta, 1915.