Kada ku ba mai ƙosai tsofaffin mujallun gidanku

'Yan'uwana matasan Zazzau, makon jiya na sayi ƙosai a Tudun Wada, ina buɗe ƙunshin sai na ga shafin tsohuwar mujallar Fim ne, mai ya jiƙe fuskar ɗan wasan har ba a gane shi. Na tambayi baiwar Allah inda ta samo, ta ce wani yaro ne ya kawo mata kwali guda daga ɗakin babansa. Wallahi raina ya ɓaci.

Ku da kuka taso da waya a hannu, ku tsaya ku ji. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu ta fito a Kano a 1998, kuma a cikinta aka fara kiran harkar fim ɗinmu Kannywood. Fim ta Ibrahim Sheme ta biyo baya daga Kaduna a watan Maris na 1999. Kafin su, masoya fim ɗin Indiya sai dai mujallun Stardust da Filmfare, ko ba ka jin Turanci ka sha kallon hotuna. Mu huɗu muke karo-karo, ɗaya ya hau keke zuwa PZ ya sayo. Kwafi ɗaya sai ya zagaye unguwa, ya shiga wajen matan aure, ya dawo bango a yage.

Akwai gulma a cikinsu, ban musa ba. Amma akwai hira da 'yan wasan da yau suna ƙasa, Allah ya jiƙansu. Akwai wasiƙun masu karatu, da ɗinkin da ake yayi, da ɗaurin kallabi, da irin Hausar da samari ke yi a lokacin. Wa zai sake rubuta muku wannan? A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, abin kunya ne mu riƙa naɗe tarihinmu da ƙosai.

Ni ma na yi sakaci. Nawa kwalin a ƙasa na ajiye, gara ta cinye rabi. Don haka ku ɗaga naku sama, nesa da danshi. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, har da bangon da ke ɗauke da kwanan wata. In ba ku da wurin ajiya, ku je Samaru ku tuntuɓi Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello.

Washegari na koma wajen mai ƙosan na saye ragowar. Guda tara na samu, biyu babu bango.