Ga masu shirin kwashe iyali zuwa Yamai: ku bar yara su ji Zabarmanci, ku riƙe Hausa a gida

Duk shekara, idan damina ta yi nisa aka fara shirin komawa lakwal, akan samu gidaje da dama a nan Maradi da ke ɗaure kaya zuwa Yamai. Wani ma'aikacin gwamnati ne aka yi wa canjin wurin aiki, wani ɗan kasuwa ne da ya ga ciniki ya fi tafiya a can, wani kuma ya daɗe yana zaune shi kaɗai a babban birnin, yanzu ya ga lokaci ya yi da zai ɗauko matarsa da ƴaƴansa. Abin da na fi ji a bakin irin waɗannan iyaye, musamman masu yara ƙanana, shi ne fargabar kada yaran su koma Zabarmawa, Hausarsu ta ɓace. Na zauna da iyalina a Yamai kafin aiki ya maido ni gida, kuma ra'ayina ya saɓa wa na mutane da yawa a kan wannan magana. Zabarmancin maƙwabta bai taɓa raba yaro da Hausarsa ba. Iyaye ne ke sakin ta da hannunsu, ranar da suka yanke shawarar cewa daga yau Faransanci za a riƙa yi a cikin gida.

Yamai ta zama babban birnin ƙasa tun 1926, lokacin da aka ɗauke mazaunin mulki daga Damagaram, kuma a ƙidayar 2012 mutanenta sun haura miliyan ɗaya, alhali birnin Maradi bai kai dubu 300 ba. Wanda ya hau mota daga nan, ya bi ta Gidan Rumji da Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi, tafiyar da ta wuce kilomita 600, zai lura cewa da an isa Doso harshen masu tallar abinci a tasha ya fara canzawa. A Yamai kuwa harsunan biyu tare suke tafiya: Zabarmanci da Hausa a titi da kasuwa da cikin unguwa, Faransanci kuma a aji da ofis. Saboda haka yaron da aka ɗauko daga unguwar Zariya ko Bagalam ko Mokoyo a nan Maradi, inda bai taɓa jin wani harshe a bakin abokan wasansa ba sai Hausa, harsuna biyu sababbi ne ke jiransa a lokaci guda.

Babba yana iya shekara da shekaru a Yamai bai koyi ko gaisuwa da Zabarmanci ba, domin a kasuwar Wadata da Katako da Babbar Kasuwa Hausa tana biya masa bukata, direban tasi yana jin ta, mai shago yana jin ta. Tun da kundin tsarin mulkin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, na ji wasu ƴan uwanmu suna cewa ai yanzu ma babu dalilin wahalar da kai. Wannan magana ba ta yi mini daɗi ba. Idan Bazabarme ya ɗauki nauyin koyon harshenmu har muna ciniki da shi, kai kuma ka zauna a unguwarsa, kana shan ruwan famfo ɗaya da shi, ba ka iya ce masa "fofo" da safe ba, to ba ka yi masa adalcin maƙwabtaka ba. Abin da ya fi damuna shi ne a ɗora wa yaro wannan hali, a kulle shi a ɗaki da talabijin don kada ya ɗauko harshen waje.

Yawancin waɗanda suka sauka Yamai da ƙaramin ƙarfi a gidan haya na haɗaka suke farawa, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A irin wannan gida muka zauna. Maƙwabciyarmu dattijuwa ce Bazabarma, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba, uwar ƴaƴana kuma ba ta jin Zabarmanci ko kaɗan. Ƴarmu da ba ta isa shiga aji ba ita ce ta haɗa su. Da yamma takan zauna gaban dattijuwar tana taya ta tsinke zogale a faranti, tana maimaita duk abin da ta ji, ana yi mata dariya ana gyara mata, har ta kai ga ita ake aika wa da saƙo tsakanin ɗakunan biyu. Daren da zazzaɓi ya rufe ƙaninta, ni kuma ba na cikin gari, wannan dattijuwa ce ta goya shi ta raka uwarsa asibiti, yarinyar na tsakiya tana yi musu tafinta. A Maradi mace tana da uwa da gwaggo da ƴan uwa a kowane lungu, amma a Yamai maƙwabciya ce uwarta, kuma sau da yawa ta bakin yaro ake fara sanin juna.

Inda ɓarnar take shi ne cikin gidajen da muke ɗauka na masu ilimi. Uba ya yi karatu, uwa ta yi karatu, sun sa yaro a makarantar kuɗi tun yana shekara uku, sai wani ya ba su shawarar su daina yi masa Hausa don kada ya rikice. Daga nan yaron ba ya jin komai a gida sai Faransancin umarni: zo nan, zauna, ci abinci, je ka kwanta. Babu tatsuniya, babu kacici-kacici, babu karin magana, babu irin hirar nan ta bayan sallar isha'i da yaro ke koyon yadda ake jera zance a cikinta, domin iyayen da kansu ba da Faransanci aka yi musu waɗannan abubuwa ba, kuma ba su da su a cikinsa. Na ga ranar salla an miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai waya ya gaida kakarsa da ke nan Maradi. Tsohuwa tana ta jero masa gaisuwa, tana kiransa maigidana, tana tambayarsa ina kuɗin cefanenta, shi kuwa ya riƙe wayar yana kallon uwarsa, yana jiran a fassara masa. Daga baya tsohuwar ta ce a karɓi wayar, Allah ya yi masa albarka. Wanda ya san irin wasan da ke tsakanin kaka da jika a ƙasar Hausa ya san abin da aka raba su da shi a wannan rana.

Na san hujjar iyayen, kuma ba na raina ta. Da Faransanci ake karatu tun daga CI, ajin farko na firamare, har zuwa CM2, ajin ƙarshe, a mafi yawan makarantu, da shi ake jarabawa, da shi ake neman aiki, kuma babu uban da ke son ɗansa ya zama na baya a aji. Sai dai ƙasarmu ta daɗe da gwada wata hanya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigar masa da Faransanci, kuma dalilin da aka kafa ta a kansa yana nan: yaron da ya iya tsara tunaninsa da harshen da ya tashi da shi ya fi saurin kama karatu da harshe na biyu. Rikicewar da ake tsoro, wato yaro ya haɗa kalmomin harsuna biyu ko uku a jimla ɗaya, abu ne da yake wucewa da kansa yayin da yaron ke girma yana gane wa ake yi wa wanne. Mai son taimaka wa ɗansa da Faransanci ya zauna da shi a kan littafinsa da daddare, ya duba abin da malaminsa ya rubuta, ya sa shi ya karanta da ƙarfi, sannan idan an rufe littafi a koma Hausa.

Sauran shirin tafiya kowa ya san shi, amma ana yawan sakaci da shi. A isa kafin komawa makaranta a watan Oktoba, da takardar haihuwar kowane yaro da katin rigakafinsa da takardar canjin makaranta. A fara neman makaranta kafin a kama gida, domin wanda ke zaune a Harobanda yana kai yara ɗaya gefen kogi zai sha cunkoson gadar Kennedy safe da yamma. Kuma kada arhar haya ta ja mutum zuwa bakin kogi bai tambayi inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2020 ba, shekarar da unguwanni irin su Lamorde da Saga suka sha wuya.

Mu mutanen wannan yanki ma muna da wata ƙofa da aka buɗe mana tun kaka da kakanni. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasan taubasantaka, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Yaron da ya fito daga Tibiri ko Maradi, ya iya mayar wa tsohon unguwa da wasa cikin harshensa, ya samu mai tsawata masa idan ya yi ba daidai ba, da mai shigar da shi gida idan hadari ya taso iyayensa ba sa nan.

Idan babban hutu ya zo, a daure a turo yaran gida Maradi, ko da kuɗin mota zai yi nauyi, kuma a bar su a hannun kakanninsu su kwana biyu, ba a kawo su gaisuwar yini ɗaya a juya da su ba. A bar su su bi ƴan uwansu zuwa makarantar allo da gona da gidan suna, a aike su kasuwa, a gyara musu gaisuwa idan sun yi ta a tsaye. Iyayen kuma, idan an koma Yamai, su roƙi yaran su koya musu gaisuwar safe da ta yamma da Zabarmanci, su fara gwada ta a kan maƙwabcin da ƙofarsa ke kallon tasu.